Saura Kaɗan Bidiyon Umma Ya Fito

Ranar da Auta ta fara ganinsa, fifita yake yi wa kwamfuta.

Ta shiga kasuwar wayoyi da faɗa cike da bakinta, tana tambayar shagon mai haɗa bidiyon biki, aka nuna mata wani ɗan ɗaki a ƙarƙashin matakala wanda ko taga ba shi da ita. A ciki ta tarar da wani dogon saurayi, rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi, ya ɗora laftof a kan murafun kwalba huɗu yana kaɗa mata kwali kamar mai jinya. Shi kansa ko ɗigon iskar bai samu ba.

"Malam, kai ne mai bidiyon bikin yayata?"

Bai ɗago ba ya ce, "Wace ce yayar taki?"

"'Yar mai ƙanƙara. Amarya har ta tsufa a ɗakinta, bidiyo shiru."

"Saura kaɗan," ya ce. "Kin ga layin nan? Da ya cika, shi ke nan."

Ta leƙa. Wani koren layi ne yake jan ciki a allon, fankar da ke cikin kwamfutar tana ƙara kamar injin niƙa. Suna tsaye suna kallo, allon ya yi baƙi ƙirin. Saurayin ya ajiye kwalin a hankali, sannan ya ɗago ya dube ta a karo na farko.

Faɗan da ta zo da shi, hawaye suka riga shi fitowa.

"Ummarmu tana ciki," ta ce. "Ta rasu bayan bikin. Ba mu da hotonta ko ɗaya mai kyau, duk rayuwarta gudun kamara take yi. Ran nan ne kawai aka same ta."

Ya miƙe da sauri har kansa ya bugi matakalar. Ya yi mata ta'aziyya, ya kuma faɗa mata gaskiya tsirararta. Mai ɗaukar bidiyon ya juye masa komai a kwamfutar nan, ya goge katinsa ya tafi wani bikin. Ya sha gwada kwashe su zuwa wani wuri, amma kafin a yi nisa zafi ya kashe ta. Mai gyara ya buɗe ta ya share ƙurar fankar, ya ce tsufa ne ke damunta. Sabuwa kuwa ba maganar yau ba ce a wajensa.

"Amma zan iya kunna miki wurin da take, ki ganta yanzu."

Auta ta juya wa allon baya da sauri. "A'a. Baba ya ce tare za mu kalla a falo, ni da shi da Yaya, daga farko har ƙarshe. Ba zan riga shi ganinta ba." Ta goge ido da gefen mayafinta, ta ƙare wa ɗakin kallo. "Ai ko mutum aka sa a nan sai ya suma. Ka ɗauko ta ka zo shagonmu."

Shagon mai ƙanƙara wata duniya ce daban. Firiza-firiza jere a jikin bango suna gurnani, simintin ƙasa kullum a jiƙe, buhuna a kusurwa, sanyi yana ratsa tafin ƙafa. Baba ya dubi saurayin sama da ƙasa, ya nuna masa benci tsakanin firiza biyu, bai ƙara ko kalma ba. Tun rasuwar matarsa magana ta yi masa tsada.

Kwamfutar ta ɗan samu sauƙi a nan, amma ba ta daina halinta ba. Takan yi nisa fiye da da, ta ba su rai, sannan ta mutu. Duk mutuwar da ta yi sai wani abu ya warware, dole ya sa abin ji a kunne ya sake bin aikin daga tushe. In ya iso wurin da Umma take, Auta takan gane daga fuskarsa, sai ta tashi ta koma bakin ƙofa tana ƙirƙirar aiki.

Ita ce ta sa masa suna Saura Kaɗan, don ba ta taɓa tambayarsa ya ba ta wata amsa ba. Sunan ya bi shi har masu zuwa sayen ƙanƙara suka ɗauka. Ita kwamfutar kuwa Murhu suke ce mata.

"Saura Kaɗan, ka sha ruwa mana. Murhu ta sha iska, kai ka sha gumi."

"In na ajiye kwalin nan fushi za ta yi."

"Ba ni in karɓe ka. Ni ma na iya lallashi."

"Na sani," ya ce, bai kuma ɗauke ido daga kanta da wuri ba. Auta ta sunkuyar da kai tana kaɗa kwalin da ƙarfin da ba a buƙata.

A ranar, bayan ya koma gida, saƙonsa ya shigo wayarta:

"Sanyina, yau da Murhu ta mutu ban ji haushi ba, kuma na ji kunyar hakan. Na gane cewa duk ranar da ta gama aikin nan, ba ni da dalilin zuwa shagonku. Ki yafe mini."

Ta karanta har ta haddace, sannan ta mayar:

"Ka gama mana bidiyon Umma tukun. Dalili kuma ni zan nemo maka, ba ya wuya."

Soyayya ba ta ɓoyuwa a shago mai faɗin tabarma uku. Wanda ya fara lura shi ne Mai Janareta, ɗan abokin Baba, wanda yake zuwa duba injin shagon ko ya lalace ko bai lalace ba. Mutum ne mai ƙamshin turare da yawan mukullai, ya daɗe yana kewaya Auta. Ba mugu ba ne, sai dai bakinsa ba ya da linzami.

"Ah, Malam Saura Kaɗan! Murhun naka bai dafa ba har yanzu? Ka sa mata tukunya mana ko shayi mu samu."

Ya yi dariyarsa shi kaɗai, ya wuce wurin Baba suka daɗe suna ƙus-ƙus. Da yamma Baba ya tsaya a kan saurayin, hannuwansa a baya.

"Samari, wurin aiki na ba ka, ba wurin zance ba."

"Baba, ni da niyyar alheri na..."

"Ban tambaye ka ba. Mutumin da aiki ɗaya ya gagare shi gamawa, gida zai riƙe? Kullum saura kaɗan, kullum saura kaɗan. Haka za ka riƙa ce wa 'yata in ta tambaye ka cefane?" Ya ja numfashi, muryarsa ta sauka. "Ka kawo mini matata in ganta. Ranar da na ganta, ka buɗe baki ka yi mini maganar Auta. Kafin nan ba ni da kunnen ji."

Daga ranar aikin ya yi nauyi biyu. Ya daina wasa, ya rame, idanunsa suka faɗa. Ya gwada duk dabarar da aka faɗa masa: ya rufe duk abin da ba ya buƙata a cikinta, ya rage hasken allo, ya aro ƙaramar fanka ya sa mata a gindi, ya raba bidiyon gida-gida. Wasu gidajen suka fita lafiya, amma na tsakiya, mai tsawon nan da Umma take ciki, shi ne kullum yake kayar da Murhu.

Sai wata rana mai zafin da ko firizojin suna nishi. Ya kunna aikin tun hantsi, layin ya yi ta tafiya har ya wuce inda ya saba tsayawa. Shi da Auta suka dubi juna. Aka kira sallar azahar, Baba ya fita, shi ma ya miƙa mata kwalin zai tafi masallaci.

"Sanyina, amanarki. Kada ki daina kaɗawa, yanzu zan dawo."

Ta yi ta kaɗawa har hannunta ya sage. Fankar ta canza kuka, ta koma irin wanda Auta ta sani sarai, kukan da take yi dab da mutuwa. Ta taɓa gindin kwamfutar, ta janye yatsunta da sauri don zafi. Ga layi ya kusa cika, ga Umma, ga aurenta, duk suna shirin tafiya a gaban idonta.

To, Auta a cikin ƙanƙara ta girma. A gidansu duk abin da ya yi zafi wuri ɗaya ake kai shi, ruwa ne, lemo ne, ko goshin yaro mai zazzaɓi. Ba ta tsaya tunani ba. Ta buɗe babbar firiza, ta ɗauki Murhu da hannu biyu ta ɗora ta a kan ƙanƙara, ta sauke murfin ta bar 'yar kafa tana leƙe.

Abin takaicin shi ne dabarar ta yi aiki. Kukan fankar ya kwanta, layin ya ci gaba da tafiya cikin natsuwa. Auta ta yi tsalle ita kaɗai a shago. Da ta hango saurayin yana tahowa, sai ta fito da ita ta mayar kan benci don ya tarar da abin mamaki.

"Zo ka gani! Zo ka gani, saura kaɗan na gaske!"

Ya ƙaraso yana murmushi, sai murmushin ya daskare. Ruwa ne yake tsattsafowa a jikin kwamfutar ko'ina, allon ya yi hazo, ɗigo yana bin tsakanin madannai.

"Me ya same ta?"

"Gumi take yi," Auta ta ce. "A firiza na ɗan sa ta..."

Ya kai hannu zai kashe ta, amma ya makara. Wani ɗan ƙara ya yi, ƙauri ya tashi, allon ya ɗauke. Wannan karon ko fankar ba ta yi sallama ba.

A haka Baba ya shigo ya same su, ruwa yana ɗiga daga benci zuwa ƙasa.

"Wa ya yi wannan aikin?"

Auta ta buɗe baki, saurayin ya riga ta.

"Ni ne, Baba. Ni na sa ta a firiza."

Su uku suka tafi wurin mai gyara. Mai gyaran ya kwance ta, ya busar, ya gwada nan ya gwada can, ya cire ma'ajiyar ya jona a wata kwamfutar. Daga ƙarshe ya ajiye sukudireba ya girgiza kai. Ruwa ya haɗu da wuta, ya ce, kuma wutar ta bi har inda ake ajiya ta cinye. Babu abin da zai fito, ko gidajen da aka riga aka gama.

Baba bai yi ihu ba, da ma ihun ya yi. Ya dubi saurayin da jajayen idanu ya ce, "Ka sake binne mini ita. Kada in ƙara ganin ƙafarka a inda nake."

Auta ta bi mahaifinta gida. Ta rufe ɗaki ta rubuta:

"Don Allah me ya sa ka ce kai ne? Ni na yi. Na kashe maka sana'a, na kashe mana Umma. Yanzu zan je in faɗa masa."

Amsa ta zo nan take:

"Kada ki faɗa, Sanyina. Ya rasa matarsa, ke kaɗai kika rage masa a gidan. In ya tsane ni, baƙo ya tsana. Kuma da laifina, da na ɗauki allon da waya tun farko da yanzu akwai abin nunawa. Na yi ta cewa saura kaɗan har ni ma na yarda. Ki kula da shi."

Daga wannan bai sake amsa mata ba. Ta aika na safe, ta aika na yamma, ta kira har wayar ta gaji. Shi a can yana ganin in ya amsa, zuciyarta za ta karye ta tona kanta. Ita a nan ta gama yanke cewa ya rufa mata asiri ne don mutunci, amma ba zai iya sake kallon wadda ta raba shi da abincinsa ba. Da ta kasa haƙuri ta je kasuwar wayoyi, sai ta tarar da kwaɗo a ƙofar ɗan ɗakin. Maƙwabcinsa ya ce ya koma riƙe wa masu ɗaukar biki fitila da jan waya.

Saƙon ƙarshe da ta tura masa gajere ne:

"Na gane. Allah ya ba ka wadda ba za ta ɓata maka ba."

Ya karanta shi a bayan wani ɗakin taro, ana ta kiɗan bikin wasu, ya zauna a kan akwatin fitila ya yi kuka kamar ƙaramin yaro.

Mai Janareta ya ga fili ya ƙara turare. Auta ta saurare shi rana ɗaya har ya gama, ta ce, "Yaya, kai mutumin kirki ne, amma babu kowa a cikin nan da za ka aura. Kada ka ɓata lokacinka." Ya dubi fuskarta ya ga ba wasa, ya karkaɗa mukullansa ya tafi. Baba bai ma tambayi dalili ba, don shi kansa ba ya cikin duniyar sosai.

Gidan ya koma kamar ranar aka yi rasuwar. Baba ya daina zuwa shago sai jefi-jefi. Yakan zauna a falo gaban talabijin a kashe, abinci ya huce a gefensa. Yaya takan zo daga gidan mijinta ta yi ta lallashi, ta koma da kuka. Auta tana kai da kawo tsakanin shago da gida, duk firizar da ta buɗe sai ta ji kamar ta ɗora hannu a ka. Ba ta sa ran komai kuma, ba ta ma roƙon komai sai Allah ya ba mahaifinta lafiya.

Wata safiya ta kawo masa ruwa, ya riƙe kofin bai sha ba.

"Auta," ya ce, "na fara manta yadda uwarku take dariya. Ina rufe ido in nemo, sai in ga mayafi kawai, fuskar ba ta zuwa."

Nan ƙarfinta ya ƙare. Ta durƙusa ta kama ƙafarsa.

"Baba, ni ce. Ni na sa ta a firiza, yana masallaci. Ya ce kada in daina fifita, ni kuma na ga za ta mutu. Duk zagin da ka yi masa nawa ne, ya hana ni faɗa don kada ka tsane ni."

Ta jira mari, ta jira tsinuwa, ba ko ɗaya da ya zo. Can Baba ya ce, "Ni ma da ni ne a wurin, firizar zan buɗe. Me muka sani ban da ita?" Ya ajiye kofin. "Kira mini shi."

"Ba ya ɗaukar wayata."

"To ba ni lambar."

Da la'asar ya zo, ya ƙara ramewa, ya tsuguna daga bakin ƙofar falo. Auta tana bayan labule.

"Ƙarya ka yi mini, samari."

"Na yi, Baba. Ka gafarce ni."

"Ba don wannan na kira ka ba." Baba ya gyara zama, ya yi kamar mai jin nauyin abin da zai tambaya. "Kai ka ganta?"

"Na ganta, Baba. Kullum sai na ganta. A wurinta kwamfutar take mutuwa, sai in koma baya in sake bi. Ko barci nake ina iya faɗa maka."

"Faɗa."

Saurayin ya dubi ƙasa, ya fara.

"Farko daga nesa aka ɗauko ta, tana tsakar gida da shuɗin zani, ɗankwalinta ya zame baya ba ta sani ba. Da ta hango kamara sai ta sa tafin hannu ta rufe fuska, ta ce, 'Kai ɗan nan, je ka ɗauki masu kwalliya.' Ta shige bayan ƙofa. Mai ɗaukar ya yi kamar ya tafi, sai ta fito. Ta nufi bokitan lemo ta tsoma hannu, ta ɗago ta riƙe ƙugu ta ce, 'Yau na ga abin kunya. A gidan mai ƙanƙara za a sha lemo da ɗumi?'"

Wani sauti ya fito daga ƙirjin Baba, rabi dariya rabi kuka. "Ita ce. Wallahi ita ce. Ci gaba."

"Daga nan sai kai, Baba. Kana bakin ƙofar gida kana gaisawa da baƙi, hularka ta karkace. Ta ɗebo ruwa a kofin silba ta zo ta tsaya a bayanka, daga ɗan nesa. Ta daɗe a tsaye. Mutane suna wucewa suna bugun kafaɗarta, ba ta motsa ba, kallonka kawai take tana jira ka juyo. Ba ka juyo ba. Sai ta yi dariya, irin wadda take farawa da hanci kafin baki ya buɗe, idonta na hagu ya fi na dama rufewa. Ta ce a hankali, 'Dube shi, sai ka ce shi ne angon.' Ta kira Auta ta ba ta kofin, ta ce, 'Kai wa babanku, tun safe bai sa komai a bakinsa ba.' Amma ba ta tafi ba, Baba. Sai da ta ga ka shanye."

Auta ta fito daga bayan labule ba ta san ta fito ba. "Ni ta ba," ta ce, hawaye na zuba. "Na tuna. Ni na kai maka."

"Na sha," Baba ya ce. "Na sha, ban tambayi wa ya aiko ba." Ya rufe ido, ya daɗe a haka, leɓɓansa na motsi. Da ya buɗe, fuskarsa ta jiƙe. "Ta zo. Da ka ce idon hagu, sai ga ta." Ya share gemu da tafin hannu. "Sake faɗa mini, daga wurin lemon."

Ya sake. Ya kuma sakewa.

Da zai tafi, Auta ta raka shi zaure. Suka tsaya kowa yana kallon takalminsa.

"Na ɗauka ka tsane ni," ta ce.

"Ni? Kullum sai na rubuta miki amsa in goge. Wadda ba za ta ɓata mini ba, kika ce. Sanyina, ni wadda ta ɓata ɗin nake so."

"Ko yanzu ba ka da hankali," ta ce tana dariya cikin kuka.

Washegari Baba ya aika a kira shi, jibi ma haka. Yaya ta zo da mijinta ta ce a fara mata daga farko. Wata rana Baba ya gyara masa, ya ce zanin ba shuɗi ba ne kore ne, suka yi ta musu har Auta ta buɗe akwatin Umma ta fito da shi, shuɗi. Baba ya ci abinci a ranar har da neman ƙari.

Bidiyon dai bai dawo ba, kuma ba zai dawo ba. An kai ma'ajiyar wurin wani mai gyaran, da wani bayansa, duk magana ɗaya suka yi. Akwai ranakun da Baba yake saurara har ƙarshe ya ce, "Da dai na gani da idona."

Wata yamma bayan an gama, saurayin zai miƙe, Baba ya ce ya zauna.

"Na ce maka ranar da na ganta ka yi mini maganar Auta. To, na ganta, ko da ba yadda na so ba. Duk duniya kai kaɗai ne take cikin kanka tana tafiya tana magana. Kana ganin zan bari ka ɗauke ta ka kai wani gidan?"

"Baba, ba ni da komai yanzu. Ko kwamfuta..."

"Na sani. Benci yana nan tsakanin firiza, in Allah ya hore wata ka dawo. Amma a yi mata katanga da 'yar nan." Ya juya wajen labule. "Ke, na san kina nan. Kina sonsa?"

Sai wata siririyar murya ta ce, "Saura kaɗan in amsa, Baba."

Dariyar da Baba ya yi a ranar, rabon gidan da irinta tun kafin rasuwa.

Ba a yi wani gagarumin biki ba, 'yan uwa ne da maƙwabta da masu sayen ƙanƙara. Mai Janareta ya kawo injinsa ya ce kada wuta ta kunyata su. Baba da kansa ya kama hannun mai ɗaukar bidiyo ya ja masa kunne: ya ɗauki kowa, har mai gudu, kuma kada ya goge katin nan sai an juye a wuri uku. Da Auta ta sa hannu za ta rufe fuska, Yaya ta buge hannun.

Saƙon ango ya shigo tana zaune cikin ƙawaye:

"Sanyina, layin ya cika."

Ta mayar: "Alhamdu lillahi. Amma kada ka ajiye kwalin, ni ma ina jin zafi."

Baba ya haɗa hannuwansu ya sa musu albarka. Ya roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya ta gari, ya sa su riƙa ganin juna tun suna tare, ya kuma jiƙan wadda ba ta ga wannan rana ba. Aka shafa, mata suna share ido.

Daga nan ya koma bakin ƙofar gida yana sallamar baƙi, hularsa a karkace. Ango ne ya fara lura, ya taɓa amarya ya nuna mata. Duk mutum biyu ko uku da Baba ya gaisa da su, sai ya waiwaya ya dubi bayansa.

Auta ta tashi da kayan amarcinta, ta shiga ciki ta ɗauko kofin silbar nan ta cika shi da ruwan sanyi. Ta zo ta tsaya a bayansa daga ɗan nesa, ba ta kira shi ba.

Bai bar ta ta jira ba, ya juyo.